Kwamfutar da Ba Ta Son Hutu

Limanti, Maiduguri

Malam Dzarma,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata ka sami lafiyar ƙafar nan, Mama Peace da yara kuma suna nan ƙalau a Biu.

Da hannu na rubuta na ɗauki hoton takardar a waya, domin abin da zan kawo ƙara shi ne kwamfutar. Wani bawan Allah ya ba ajinmu na yamma sabuwa fil, ta tebur. Amma da an kunna ta sai fankarta ta hau kuka, maus ya daskare. Na buɗe tagar ayyuka yadda ka koya mana, na ga furosesa a ɗari bisa ɗari, alhali ban buɗe komai ba.

Ba don kaina nake damuwa ba, Malam. Akwai Muhsinat, 'yar Zabarmari, ba ni da ɗaliba mai kaifinta. Jarabawar shiga jami'a a kwamfuta za a yi, ita kuwa ba ta taɓa riƙe maus ba. Babanta ya ce ta zauna wurin gwaggonta ta gwada sau ɗaya, in ba ta ci ba ta koma gonar shinkafa. Ita ke share ajin, ita ke goge kwamfutar kamar jaririya.

Ka taimaka mini.

Ɗalibarka,
Yagana

Biu

Yagana 'yata,

Na gode da gaisuwa. Ƙafa tana nan, ni ma ina nan.

Tun kina aji kike son tsallake layi. Kin ce ɗari bisa ɗari, ba ki ce wa ya cinye ɗarin ba. Danna kan furosesa, ki faɗa mini sunan da ya hau sama. Ki duba ko kun jingina bayanta da bango. In kuma kun lulluɓe ta da laffaya saboda ƙura, na san halinku, a yaye.

Ki gaishe da Muhsinat.

Dzarma

Limanti

Malam,

Barka da war haka, Allah ya ƙara sauƙi.

Laffaya kam akwai, na yaye ina jin kunya. Na janye ta daga bango, na kashe duk abin da ke tashi tare da ita, na nemi ƙwayar cuta ban samu ba. Wanda ke sama kullum mai sabunta tsarin kwamfutar ne. Abin mamaki, kullum daga farko nake tarar da shi.

Jiya na gano dalili. Na fita alwala na dawo, na tarar Muhsinat ta kashe soket tana yi wa kwamfutar fifita da murfin kwali. Na tambaye ta, ta ce a gonarsu in injin ban ruwa ya canza murya, kashe shi ake yi ya huta, wanda ya bar shi ya ƙone kuwa zai gamu da Baba. Ashe tun ranar da aka kawo ta haka take yi duk sanda na juya baya.

Ta ce, "Malama, tausayi take ba ni. Ita kaɗai gare mu."

Na kasa yi mata faɗa. Yanzu ya zan yi? Ranar Asabar mai zuwa za a yi jarabawar.

Ka gaishe mini da Mama.

Yagana

Biu

'Yata,

Na yi dariya har Mamanku ta leƙo, daga baya dariyar ta tsaya.

Kwamfutar lafiyarta ƙalau. Sabuwa ce, tana shirya ɗakinta, kuna ta fitar mata da kaya waje. Katsewar da aka yi ta yi ya sa aikin ya kwance, sai ta sake daga tushe. Ku bar ta a kunne yini guda, ko da kukanta ya dame ku, kada kowa ya taɓa. Daga nan Biu ba ni da wani magani bayan wannan. Wuta kuwa ba ni nake rabawa ba.

Ki ce wa yarinyar ba ta yi laifi ba. Allah ya dafa.

Dzarma

Limanti

Malam,

Ina gaisuwa.

Wuta ba ta yini a unguwarmu. Na nemi aron janareta, mai shi ya ce nasa ma sai yana hutawa. Idan babu wuta nakan cire maus daga jikin kwamfutar, Muhsinat tana ta jan shi a kan tebur, ni ina nuna mata da yatsa inda kibiya za ta kasance.

Yau aka kawo wuta da hantsi. Ta zauna gaban kwamfutar, ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinyarta, fanka na kuka tana runtse ido. Bayan la'asar rubutu ya fito cewa saura kaɗan, kada a kashe. Sai aka ɗauke wuta.

Ta juyo ta ce, "Malama, wannan karon ba ni ba ce."

Gobe da safe ne jarabawar, zan raka ta har bakin ƙofar ɗakin. Ka sa mu a addu'a.

Yagana