Ƙwaya Biyu a Jiki Ɗaya

Litinin, 4 ga Agusta

Ƙullutun ruwa ne, in ji mai sikanin. A jikin ƙwan haihuwa na hagu, girmansa ya kai lemon tsami. Ashe shi ke sukar marata tun watan jiya, ni kuwa ina ta ɗora wa kujerar situdiyo laifi. Na tambaye shi ko mugun abu ne, ya ce shi nasa ɗaukar hoto, bayani na likita ne. Ya miƙo min takarda in goge cikina, ya kira ta bayana.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Inna hawan jininta ya ishe ta.

Laraba, 6 ga Agusta

Likitar mata. Minti bakwai na yi a gabanta, na duba agogo, mai karanta labarai ba ta rabuwa da ƙirga minti. Ta ce irin wanda ke bajewa da kansa ne, amma za ta ɗora ni a kan ƙwayar tazarar haihuwa, ƙwan ya huta kada wani ya sake fitowa, jinin al'adar nan mai yawa ma ya ragu.

Na ce mata mijina ya rasu shekara huɗu ke nan. Ta ce, "Ai ƙwaya ba ta tambayar takardar aure." Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

A fom ɗin da nas ta ba ni na rubuta da hannuna cewa an cire min maƙoƙo shekara tara da suka wuce, kuma kullum da safe ina shan ƙwayar da ke maye gurbinsa. Har na fito fom ɗin yana ƙarƙashin wayar likitar.

Ban sayi maganin a kemis ɗin layinmu ba. Mai kemis ɗin ya zauna a zaman makokin marigayi. Sai da na hau mota biyu na je inda ba a san fuskata ba, na rage murya don kada su gane ta daga rediyo.

Asabar, 16 ga Agusta

Shekarata talatin da bakwai, ina ɓoye magani a gwangwanin zare da allura kamar ɓarauniya.

Talata, 26 ga Agusta

Yaya ta zo, maɓallin rigarta ya tsinke, ta shiga ɗakina neman allura. Ina kicin na ji shirun ya yi yawa.

Ta fito da katin ƙwayar a tafin hannu. "Wannan fa?" Na ce magani ne, likita ta rubuta min saboda ƙullutu. Ta dube ni, ta dubi katin, ta ce, "To."

Na san wannan to ɗin tun muna yara. Shi take yi in ta gama yanke hukunci.

Takardar sikanin tana cikin jakata, taku uku. Ban ɗauko ba. Wadda muka sha nono ɗaya, ita zan kawo wa shaida kamar a kotu? Ta sa maɓallinta ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba.

Lahadi, 7 ga Satumba

Inna ta kira ni ɗakinta, ta aiki 'yata shago don kada ta ji. Ta yi ta zagaye-zagaye: wai ni yarinya ce har yanzu, wai zaman haka ba daɗi, wai idan akwai wanda ya kwanta min a rai in turo shi, ba abin kunya ba ne. Ba ta ambaci ƙwaya ba ko sau ɗaya. Idonta yana kan carbi.

Na ce, Inna, ba ni da lafiya ne. Ta ce Allah ya sawwaƙe. Irin wanda ake ce wa yaron da ya ƙirƙiro ciwon kai ranar jarrabawa.

Shekara huɗu daga gida sai aiki, daga aiki sai gida. Katin ƙwaya ɗaya ya share su duka.

Alhamis, 18 ga Satumba

Sukar mara ta yi sauƙi, gara in rubuta gaskiya. Amma wani abu na damuna.

Sanyi. Kowa na fifita, ni ina sanye da rigar sanyi a situdiyo. Siket biyu sun ƙi rufuwa. Da safe fuskata a kumbure, gashi na bin mataji. Jiya na yi barci a kan sallaya bayan la'asar, 'yata ce ta tashe ni, ta riga ta dafa wa kanta abinci. Shekararta goma sha biyu.

Muryar ce ta fi ba ni tsoro. Ta yi kauri, tana ja kamar kaset ɗin da batir ya kusa ƙarewa. Mai haɗa sauti ya tambaye ni ta gilashi ko mura nake yi. Na gyaɗa kai.

Juma'a, 26 ga Satumba

Labaran ƙarfe bakwai. Ina tsakiyar labari na uku kalma ta ɓace min. Tana nan a rubuce a gabana, ina kallonta, bakina ya ƙi ɗaukarta. Daƙiƙa biyar, in ji mai haɗa sauti. A rediyo daƙiƙa biyar shekara ce.

Oga ya kira ni ofis. Ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba, nan na san an gama. Wai masu saurare suna bugowa, wai in ɗan huta a teburin fassara, wata sabuwar yarinya da aka ɗauka za ta riƙe safiya kafin in warware. Ya yi ta kallon rigar sanyina da yadda na cika kujerar. Sai ya ce, "Ko akwai abin da ya kamata in sani?"

Shekara goma sha ɗaya ina tashin garin nan daga barci. Na ce babu.

Laraba, 1 ga Oktoba

Baffan 'yata ya zo, yayan marigayi. Rabonsa da gidan nan tun bara. Ya zauna a kujerar da ƙanensa ya saba zama, ya ce sun yi shawara, yarinya ta fara girma, zai fi kyau ta koma wajensu, makarantar can ta fi. Ƙarshen zangon nan.

Na tambaye shi abin da ya canza. Ya ce magana tana yawo, shi dai amanar ɗan'uwansa yake dubawa. Idonsa ya sauka a cikina, ya ɗauke.

Sai a lokacin na gane. Ƙiba, kasala, barcin rana. Ciki suke nufi.

Na ce masa, Baffa, ku zaɓi ɗaya mana. Ko ina shan maganin hana ciki, ko ina da ciki. Ya miƙe ya ce bai zo don rashin kunya ba.

Daga bakin Yaya zuwa kunnen mijinta, daga nan zuwa majalisarsu. Hanyar ba ta da nisa.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Yaya ta bugo sau huɗu. Na kife wayar.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na koma wajen likitar mata. Na lissafa mata komai: sanyi, gashi, murya, mantuwa. Ta ce damuwa ce, mace mai aiki ga raino ga rashin miji, dole jiki ya gaji. In rage maiƙo, in riƙa tattaki. Ta ƙara min katin wata uku.

Na fito ina tunanin ko ita ke da gaskiya. Wataƙila haka ake lalacewa, a hankali, ba dalili.

'Yata ta tambaye ni ko da gaske za ta koma gidan Baffa. Ɗiyarsa ce ta gaya mata a Islamiyya. Na ce ba inda za ki. Ta ce, "To me ya sa muryarki ke rawa?" Na ce ai muryar ta daɗe da lalacewa.

Talata, 14 ga Oktoba

Ranar ganin likitan maƙoƙo, tsohon nan mai abin ji a kunne, duk wata shida. Saura kaɗan in ƙi zuwa.

Sallama kawai na yi ya ɗago kai. Ya ce wannan ba muryar da yake ji da safe ba ce. Ya taɓa hannuna, ya duba idona, ya tambaya ko ina tsallake ƙwayata. Na ce ko ranar da marigayi ya rasu sai da na sha. Ya ce, "To me kika ƙara a kanta?"

Ba wanda ya yi min wannan tambayar sai shi. Na faɗa ina kallon ƙasa. Shi ko a jikinsa, ya rubuta sunan ƙwayar, ya tura ni ɗibar jini.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Sakamako ya fito. Bari in rubuta yadda ya bayyana min kafin in manta, don yanzu komai mantawa nake.

Wai irin ƙwayar tazarar da nake sha tana sa jiki ya ƙara wani abu a cikin jini da ke kama sinadarin maƙoƙo ya riƙe. Mai maƙoƙonta lafiya, jikinta zai ƙara yin wani, ba za ta ji komai ba. Ni ba ni da inda zan ƙaro. Abin da na haɗiya da safe shi ke nan, ga shi ana riƙe wani kaso a hanya. Wata biyu ina tafiya da rabin mai.

Ya ce ba laifin ƙwayar ba ne, ba kuma kowace mace ke shiga haka ba. Da an sani, da an auna jinina bayan sati shida an ƙara min awo, shi ke nan. Ya ƙara yanzu. Kada in daina ko ɗaya da kaina, kuma ranar da za a tsayar da ta tazara in dawo a sake aunawa. Murya za ta dawo, amma sai na yi haƙuri.

Na zauna a bencin waje na yi kuka. Ba na murna ba. Tambaya ɗaya ce fa. Kujerata, sunana, 'yata, duk a kan tambaya ɗaya da ba a yi ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na kai wa likitar mata wasiƙar tsohon. Ta karanta, ta ce, "Ai da kin gaya min." Na ce yana cikin fom. Ta buɗe fayil, ta gani, ta rufe. Ta ce marasa lafiya sun yi musu yawa.

Haƙuri dai ba ta ba ni ba. Na lura ta tura nas ta karɓo fom ɗin matar da ke bayana.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na tara su a falon Inna: ita, Baffa, Yaya da mijinta. Na shimfiɗa komai a kan tebur, hoton sikanin, sakamakon jini, wasiƙa. Na karanta musu daga farko har ƙarshe yadda nake karanta labarai, ban tsallake ko kalmar al'ada ba. Baffa ya yi ta gyaran hula. Na miƙa masa hoton na ce ga abin da ke cikin nawa, ya duba da kyau ko yana kama da wani.

Ya ce ai su ba su ce komai ba, mutane ne. Maganar makaranta kuma a bar ta tukuna.

Inna ta ce da na nuna tun farko. E, da na nuna. Amma har yanzu ban ga dalilin da zai sa mace ta baje kayan cikinta a tebur kafin uwarta ta yarda da ita ba.

Yaya ta biyo ni ƙofa tana hawaye, wai tsoro ta ji min, wai mijinta kaɗai ta gaya wa bayan Inna. Na ce ta matsa zan wuce.

'Yata tana nan. Na ci nasara, in ana kiran wannan nasara. Na dawo na kwanta kamar wadda aka yi wa duka.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Yau ban sa rigar sanyi ba. Oga ya ce muryar ta fara washewa, "mu ga ƙarshen wata." Sabuwar yarinyar tana haɗiye ƙarshen jimla. Ba ruwana.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Sikanin na biyu. Na iso na tarar da Yaya a kan benci, Inna ce ta gaya mata ranar. Ban gaishe ta ba, na zauna a ɗaya ƙarshen. Awa biyu muna kallon bango ɗaya. An ce in sha ruwa mara ta cika, sai ga Yaya ta turo gorar ruwa gefena. Na sha don dole ce, ba don ita ba.

Da aka kira ni ta miƙo hannu ta karɓi jakata. Na sakar mata, ba a shiga da jaka.

Ƙullutun ya baje, wani bai fito ba. Na fito ta miƙe tsaye, ta tsufa a wata biyun nan, ban lura ba sai yau. Kafin in tuna ba ma magana na ji bakina ya ce, "Babu shi." Ta zauna ta rufe fuska da mayafi.

Mota ɗaya muka shiga. Hanyarmu ce ɗaya, ba wani abu ba. Ta tambayi ranar gwajin jini na gaba, na ce ban tuna ba.

Ban huce ba, kada littafin nan ya ɗauka na huce. Da la'asar dai na tura mata saƙo: Talata, ƙarfe tara. Don kada ta je ta dami Inna da tambaya ne kawai.