Takalman Namadi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni, Bube na Jabo, nika wannan magana, Malam Attahiru na rubutawa, shekara ta ukku da samun mulkin kai. Ƙafafu sun ƙi ni, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce gigin tsuhwa ne. Ba ni bin kowa, ba wanda ke bi na. Abin da ya hana ni kwanciya guda ne: ɗana Atiku ya hana ɗiyarsa Zahara'u auren Jumare, wai kakan yaron bawa ne. Zan zo kai.

Na ɗaya. Gonar Jabo da rumbunan, a raba yadda shari'a ta ce. Fadamar Fakku kuwa kada a tsaga ta. Ɗana Dawuda ya noma, a ci tare, a riƙa kai wa Inno uwarku nata tun ba ta tambaya ba.

Na biyu, ke Lauratu, malamar makaranta. Kin zo mini da jajayen idanu, kin ce kin karanta littafin wata ƙasa can bayan teku, inda anka zalunci mutum don baƙar fatarsa. Haba ɗiyata! Sai kin ƙetare teku? Ga namu cikin gida, ki rubuta shi.

Wana Namadi na komowa daga kasuwar Tambuwal bisa jaki, kurkunu ya kumbura masa ƙafa. Wancan zamani in Bature zai wuce, sai ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ko da ka haifi ubansa. Wani Baturen aikin hanya ya iske shi bai sauka ba, ya zuba masa bulala. Zai ƙara, Namadi ya riƙe bulalar. Riƙewa kawai ya yi, wallahi. Anka ce ya bugi Bature.

Mutum cike da hanya sun gani, ranar shari'a duk sunka zama makafi. Ni ina Kebbe ranar da abin ya faru, ba ni da bakin shaida. Mutum guda ya tashi, Ɗanmaliki, ɗan bayin nan, uban Jumare. Ya faɗi abin da idonsa ya gani. Bature ya yi murmushi, don maganar baƙi ba ta ka da ta fari. Namu kuma, baƙaƙe irinmu, sunka ce shaidar bawa ba ta zama shaida. Wannan ta fi mini zafi har yau. Anka ɗaure Namadi, anka kore Ɗanmaliki daga gonar da yake aro.

To, wa ya ci? Namadi ya fito da ransa. Ya sa baduku ya ɗinka masa jan takalmi, ya aje ƙarƙashin gado, kuna yi masa dariya kuna cewa Baffa na kiwon takalmi. Ranar da anka sauke tutar Turawa, ya sa takalman, ya kama hannun Ɗanmaliki, sunka taka har barandar barikin Turawa, ƙwas, ƙwas, ba wanda ya ce musu kanzil. Na bi su ina kuka ina dariya awa mahaukaci. Baturen kuwa ko sunansa ba mai tunawa. Alhamdu lillahi, na ga wannan rana da idona!

Ki rubuta duka, Lauratu, har da abin kunyar namu. Fitilata da akwatina naki ne.

Na ukku, kai Atiku. Kai ne babba, kuma taurin kanka nawa ne, na sani. Amma kalmar da anka rufe bakin Ɗanmaliki da ita, ita ka ɗauko ka jefi ɗansa. Mun kori mai auna mutum da fata, sai mu zauna muna auna shi da kaka? Ba cikin gidana ba. Zahara'u na son yaron, yana salla, yana noma. Na kira Malam Attahiru da liman, na ba Jumare ita gabansu. Saura ɗaurin aure, kuma kai nika so ka tsaya waliyyi, fuskarka sake.

Na fuɗu. Takalman Namadi, Allah Ya jiƙan shi, na cikin akwatin da na ba Lauratu. Na Jumare ne. Na san al'ada, suruki tun daga ƙofa yake tuɓe takalmi, kuma ya ci gaba da yi har ya tsufa, ladabi ne. Amma ranar ɗaurin auren, sau guda, ya shigo zaurena da su a ƙafarsa. Kai Atiku, kai za ka tarbe shi, ka shimfiɗa masa buzuna.

Ku riƙe juna. Kada a ji ɗiyan Bube gaban alƙali. Na yafe muku, ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, ku da abin da kunka haifa, Ya tara mu inda ba a tambayar launi ko asali. In ina da sauran kwana, zan ji takun nan da kunnena. In babu, ku ji mini.