Abba da Matasan Kan Baba

Haɗeja, Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yayana Abdulmannan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwar ƙanwar da ta daɗe ba ta sa yayanta a ido ba, da fatan kai da Anti Shamsiyya da yara kuna cikin ƙoshin lafiya a Fatakwal. Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare ku. Mu nan alhamdu lillahi. Kogi ya janye, ya bar mana danshi a bango, da sauro, da masu zuwa jaje tare da mai ɗaukar hotonsu. Rabin shinkafar mijina Mukhtar ta bi ruwa, yana ta cewa ambaliyar bara ta fi haka muni, wai lallashin kansa yake yi. Na rubuto ta hannun Yunusa mai kai bandar kifi ne saboda ka san waya a gidan Inna: kafin ka gama sallama an ƙure murya don kowa ya ji.

Maganar ɗana ce, mai sunan Baba, wanda muke kira Abba. Ya kusa shekara, yana rarrafe yana kama bango. Bayan ambaliya ciwon ƙirji ya kama shi har aka ba mu gado a asibiti. Ya samu sauƙi, amma numfashinsa bai koma daidai ba. In yana barci za ka ji yana fita da 'yar ƙara kamar usur. Likitar da ta sallame mu ta ce a riƙa kwantar da shi rigingine a kan katifa mai tauri, a miƙe, ba matashin kai, ba tarin zannuwa kusa da fuskarsa. Ta ce in ya juya da kansa a ƙyale shi, tunda ya iya juyowa, amma kada a tokare shi da komai. Ta hana turaren wuta a ɗakin, ta kuma ce in an ga haƙarƙarinsa yana lotsawa ko leɓensa ya sauya launi a kawo shi nan take.

Ka san in na tafi makarantar da nake koyarwa, wurin Inna nake barinsa. Na zauna na karanta mata dokokin nan ɗaya bayan ɗaya, ta saurara da irin nutsuwar da take sauraron mai tallan magani. Abin mamaki, turaren ta bari, ita da ke cewa ɗakin da ba turare ɗakin awaki ne. Na ɗauka an gama. Ashe ban lura da abin da ta fito da shi daga ƙasan gado ba: matasan kan Baba, waɗanda ta riƙa jera masa a bayansa a ciwonsa na ƙarshe, lokacin da ba ya iya numfashi sai a kishingiɗe. Kai ma ka gani da ka zo. Ta wanke su, ta sauya musu riga, ta ajiye duk shekarun nan.

Ranar Laraba na dawo da wuri, bayan azahar. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ce min Malam ƙarami yana barci (ka san Malam take ce wa Baba), kada in tashe shi. Na leƙa. Yaya, an jingina shi a kan matasan kamar mai karɓar gaisuwa, amma ya sulale ƙasa. Haɓarsa ta dafe a ƙirji, wuyan ya lanƙwashe, rabin fuskarsa ya nutse a auduga. Ƙarar nan da na saba ji babu ita. Leɓensa ya yi toka-toka. Na fizgo shi, ya ja wani dogon numfashi, sannan ya tsala kuka. Ban taɓa jin abin da ya kai kukan nan daɗi ba. A adaidaita sahu zuwa asibiti takalmina ɗaya ne a ƙafa. Likita ta duba shi ta ce Allah Ya kiyaye, ta kuma yi min bayanin da na riga na sani: babba in ya zame yana gyara kansa, yaro kuwa in kansa ya rinjaya gaba, hanyar iskar ce take matsewa.

Da muka dawo na maimaita wa Inna wannan, cikin ladabi gwargwadon abin da ya rage min. Ba ta yi musu ba. Cewa ta yi ta raine mu duka ba tare da likita ta koya mata shimfiɗa ba, kuma da idonta ta ga yadda Malam yake samun sassauci in an ɗaga shi. Ta ce rana ɗaya tak ta ga Malam a miƙe rigingine ba matashi, ita ce ranar da aka fitar da shi, don haka kada in tilasta mata kallon mai sunansa a haka.

Na so a ce maganar ta ƙare a nan. Amma ƙanwarmu Bilkisu ta gaya min jiya cewa ina fita Inna take ɗauko matashi ɗaya, wai ɗaya ba ya komai, ta zauna kusa da shi tana gadi. Inna kuwa ka san gyangyaɗinta na bayan azahar. Ba mugunta ba ce, so ne, kuma shi ya sa ba ya jin magana. Tun rasuwar Baba ban ga tana dariya har da hawaye ba sai da yaron nan ya zo. In na ɗauke shi na san abin da na ɗauke mata.

Duk da haka na yanke shawara. Daga Litinin zan riƙa barinsa wurin Aisa, yayar Mukhtar, da ke kusa da makarantarmu. Ranar Juma'a zan gaya wa Inna da bakina. Abin da nake roƙonka shi ne ka kira ta kafin nan. Kada ka ambaci likita, kada ka ce Zulfa ta ce. Kai ne babba, kuma muryarka irin ta Baba ce. In ta yarda ta ba ka amanar cewa matasan za su bar gidan gaba ɗaya, zan mayar mata da Abba da gudu. In ta ƙi, ta yi fushi da ni. Zan iya zuwa gaishe ta kullum tana kau da kai, har ta huce ko kada ta huce, muddin ina zuwa da shi a bayana.

Ka gaishe min da Anti Shamsiyya, da Rilwanu, da Ummussalma. Mukhtar da Bilkisu suna gaishe ku. Ku sa Abba a addu'a, ku sa Inna ma.

Taka ƙanwa,
Zulfa