Rabin Hotona da Habu

Daren Laraba, Agusta 1996

Yau na karɓo hotonmu ni da Habu na walimar gama makaranta. Wata uku ina neman ƙarfin halin tsayawa kusa da shi. Shi ya fito tas yana murmushi, gefena kuwa baƙi ƙirin, ko ɗankwalina babu.

Na ce wa Malam Ishaya mai hoto, "Baba, ni ina nake?"

Ya ce, "Haƙuri, 'yata. Fitilar aro na ɗora, ashe ba ta jituwa da kyamarata. Rabin hoton kawai ta haska."

Har da dariyarsa.

Su Habu sun koma Yola tun Litinin. Dā so nake in rubuta abin da na kasa faɗa a bayan hoton in aika masa. Yanzu hoton kansa zan aika masa, ya tuna da wa?