Tsalle Take Yi Ko Taku?

Enugu, Litinin. Aikin farko: shayar da shanu.

Yaya Ramlatu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba? Ki karanta masa wannan, tunda ba ya ji a waya. Yau a kasuwar kara na ga wata 'yar tsuntsuwa tsakanin ƙafafun shanu. Shekarata goma sha ɗaya a nan, ban taɓa lura da irinta ba. Na rubuta a littafina: tsawon tafin hannu, baya toka-toka, ciki rawaya, wutsiya doguwa. Mahauta sun ce baƙuwar gwara ce. Wataƙila ma idona ne. Baba ya daɗe yana koro shanu a ƙafa, shi zai sani.

Ƙaninki, Gwadabe

Onitsha, Alhamis

Gwadabe, wa'alaikumus salam. Wata biyar Baba bai haɗa kalma uku ba, tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Bayana ya ƙage wajen juya shi, kai kuma tsuntsu ka aiko min! Na dai karanta. Ya buɗe ido ya ce, "Tsalle take yi ko taku?" Sai da cokali ya faɗi daga hannuna. Wai gwara tsalle take yi, mai taku kuwa ta bin shanu ce, daga nesa take zuwa. Yanzu kullum da safe sai ya tambaya. Ka faɗi ko wanne, malam mai littafi, kada ya sake yin shiru.

Yayarka

Enugu, Lahadi

Yaya, barka da ɗawainiya. Na duba littafin sau uku. Launi na yi ta rubutawa, ban kalli ƙafarta ba. Kwana uku ina tsugune bayan shanu, har mahauta na kirana likitan kofato. Ba ta dawo ba. Na rubuta "taku", na soke. Kin san shi, in na ƙirƙira zai jefo wata tambayar ya kama ni.

Ki yi haƙuri. Gwadabe

Onitsha, Laraba

Gwadabe, jiya bai tambaya ba. Yau ma. Ka huta lafiya.

Ramlatu

Enugu, Alhamis

Yaya, kukan tsuntsuwar kam na riƙe, sai dai ba ya rubutuwa. Ki ce masa da bakina zan kawo. Allah ya ba ki lada.

Gobe:
barin shanu hannun abokin aikina Badaru
motar farko zuwa Onitsha
karɓar ki wajen juya shi
yi masa kukan a kunnensa na dama, in ban manta ba