Zauren Baffa Ba Kowa

Dawaki, Gombe
4 ga Maris, 1977

Ƙanena Bamanga,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aikin tashar jiragen ruwa? An yi sadakar arba'in ɗin Baffa. Dattawa sun zauna, sunanka za su kai wa hakimi, ka gaji Baffa a sarautar unguwa. Ka zo.

Addarka,
Suwaibatu

Apapa, Legas
22 ga Maris

Adda,

Ina gaisuwa, Allah ya jiƙan Baffa. Ki ba dattawa haƙuri. Soja sun karɓe kotu da 'yan doka tun tuni, yanzu kuma ga ƙaramar hukuma da kansilolinta. Me ya rage wa mai unguwa ban da rawani? Ni nan jirage na jiran sa hannuna. A ba wani.

Naki,
Bamanga

Dawaki, Gombe
15 ga Afrilu

Bamanga,

Muna lafiya, sai zafi. Ka tambayi abin da ya rage, to ji.

Shanun Joda, makiyayin nan na unguwarmu, sun shiga lambun Malam Alfred, wanda ya koya maka lissafi, sun cinye tas. Samarin gidajen biyu suka fito da sanduna, aka fasa wa ɗan Joda kai. 'Yan sanda suka kwashe su, suka sako su. Kansila ya ce shi magudanar ruwa aka zaɓe shi ya gyara.

Yanzu masu zuwa cocin su Malam Alfred sun daina sayen nonon gidan Joda, matan Joda kuma sun canza rijiya. Shekara ashirin suna maƙwabtaka.

Jiya Malam Alfred ya yi sallama a zauren Baffa, alhali ya san ba kowa. Na amsa daga ciki. Ya ce, "Suwaiba, ba hukunci nake nema ba. Wanda zai zaunar da mu nake nema, kafin yaran nan su yi kisa." Da la'asar Joda ma ya zo, ya daɗe a tsaye, ya tafi.

Ka huta lafiya.

Addarka

Apapa, Legas
2 ga Mayu

Adda,

Na karɓi hutu, jirgin ƙasa zan biyo. Ban ce na amshi rawani ba, kada ki gaya wa dattawa na amsa. A share zauren, a kira su biyun.

Amma ki sanar da ni tun kafin in zauna: in mutum biyu suka zo wa Baffa, wa yake fara saurara?

Ƙanenki,
Bamanga