Tabarmar Baffa Abduljalil

Litinin, 8 ga Mayu 2023

Na kama tebur a biro, wato ofis na haya, wani bene kusa da kasuwa. Ba ɗaki ba, tebur. Sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, intanet, shayi a kofin takarda. Madam Gisèle mai kula da wurin ta ce doka ɗaya ce: da yamma kowa ya kwashe nasa, ko allura ba ta kwana. Gobe teburin na wanda ya riga zuwa ne.

Ya yi mini. Kifin Lagdo a waya nake haɗa shi da masu saye a Yaoundé. Baba ya ƙare ransa a zaure yana saukar da fataken bandar kifi, yana nema musu ciniki, hayaƙi ya cinye masa ƙirji. Wata biyar da rasuwarsa yayyena suka sayar da gidan. Wai rabon gado.

Alhamis, 11 ga Mayu

A zauren Baba kowane falke yana da ƙusarsa a bango, tabarmarsa da butarsa a rataye. Muddin suna nan, kai ne mai masaukinsa. Ran da ya ɗauke, an rabu, ba sai an yi magana ba. Bayan sadakar arba'in suka yi ta ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya, suna yi mini addu'a. Munafukai.

Saura mutum ɗaya.

Talata, 16 ga Mayu

Ya zo. Baffa Abduljalil, aminin Baba. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofar gilashi, mai shara ta ture su da tsintsiya. Misye Jules na teburin gefe ya toshe hanci da hankici. Na tambaye shi ko miyar gidansu da turare ake yin ta. Madam ta ja mini kunne.

Baffa ya duba bango, ba ƙusa. Sai ya miƙo mini tabarmar da butar a hannu. "Ɗana, ga su. Inda ka zauna nan ne zauren."

Na karɓa.

Laraba, 24 ga Mayu

Kullum a bayan babur, safe da yamma, ni da tabarma da buta kamar mai ƙaura. Baffa ba ya faɗin ranar zuwansa, wayarsa rabin wata a kashe. Na roƙi Madam in riƙa ajiye su ko bayan firji. Ta ce in ta bar mini, gobe wani da katifa zai zo.

Ni da na koya wa kaina Faransanci da tsofaffin littattafan bakin titi don kada in ƙare a kan tabarma!

Juma'a, 2 ga Yuni

Ruwa ya kama ni a hanya. Tabarmar ta jiƙe. Warin zauren Baba ya cika ɗakina, na kasa karatu.

Laraba, 7 ga Yuni

Na bar ta a gida tun Litinin. Na gaji. Yau Baffa ya zo.

Madam ta ba shi kujera mai juyawa, ya zauna a gefenta kamar zai faɗi. Ya duba ƙarƙashin tebur. Ya tambayi tabarmarsa, Jules yana murmushi. Ban san lokacin da na ce, "Baffa, nan ba zaure ba ne. Mai zauren ya mutu."

Ya ɗago ya dube ni.

"Na sani, Hanzala. Ni na wanke shi."

Ya ce in aika masa da kayansa a motar Lagdo. Ya sauka bene yana dafa bango.

Asabar, 10 ga Yuni

Ummuhani ƙanwata ta ce bakina ne zai binne ni. Na kore ta. Ban aika kayan ba.

Alhamis, 15 ga Yuni

Na mayar wa Madam katin ƙofa. Intanet ɗinsu ma yankewa yake yi, shi ne dalili.

Akwai wata bishiyar dogon yaro inda motocin Lagdo suke sauke kaya. Na buga ƙusa a jikinta. Don kada buta ta yi ƙasa ne kawai. Na shimfiɗa tabarmar, ni na zauna a kan dutse, waya a hannu.

Baffa ya sauko da hantsi da kwandunansa. Ya gan ni, ya ga tabarmar. Ya ɗaga hannu daga nesa, ya bi wani dillali suka shige kasuwa.

Bai zo ba. Amma bai ce in ba shi ba.

Na zubar da ruwan butar, ya yi zafi. Na sake cikawa.